Aiki ɗaya, tebur ɗaya, albashi biyu: in sa hannu ko in dakata?

Auwal Ɗorayi

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Na daɗe ina bin abin da ake tattaunawa a nan ban taɓa cewa uffan ba, amma yau abin ya tsaya min a rai, shawara nake nema.

Shekara uku da wata biyar ke nan ina aiki da wani babban kamfanin ba da shawara kan fasahar zamani, irin waɗanda bankuna da hukumomi ke ɗauka su kafa musu manhaja su riƙa kula da ita. Babban ofishinsu na Najeriya yana Legas, uwar kamfanin kuma tana waje. Ba zan kama suna ba, wanda ya gane don Allah ya bar wa cikinsa. Mu tara ne a nan Kano, an ajiye mu a ofishin kwastoma. Katin da ke rataye a wuyana tambarinsu ne, imel ɗina nasu ne, kwamfutar da nake aiki da ita tasu ce, manajan da ke ba ni umarni nasu ne. Amma albashina daga wani ƙaramin kamfanin dillancin ma'aikata yake fitowa, wanda sau ɗaya na taɓa ganin mutanensa, ranar da na sa hannu.

Watan jiya aka turo wani abokin aiki daga Legas don mu kwashe bayanan kwastoma zuwa sabuwar manhaja. Mutumin kirki ne, ba ni da abin faɗa a kansa. Ni na zaunar da shi na nuna masa yadda tsohon tsarin yake, don ni na san lungu da saƙonsa. Daren da za a yi sauyin a ofis muka kwana. Wajen ƙarfe biyu, muna shan shayi muna jiran bayanai su gama hawa, sai ya fara kukan haraji, ya buɗe takardar albashinsa a waya ya miƙo min. Abin da ake cire masa na haraji da fansho kaɗai ya haura rabin albashina gaba ɗaya. Da ya kalli fuskata sai ya gane, ya kife wayar a kan tebur, muka yi shiru har aka kira asalatu. Matakinmu ɗaya a takardar da ake tura wa kwastoma. Na sani, don ni nake cike ta.

Yanzu an aiko min sabon kwantiragi na shekara ɗaya. Akwai ɗan ƙari, amma an saka sharuɗɗa biyu sababbi. Na farko, za su biya min kuɗin wani kwas na satifiket, in na bar aiki kafin shekara biyu in biya su ninki. Na biyu, kada in tattauna albashina da kowa. An ba ni zuwa Litinin. Ina da mata da 'ya'ya biyu, ga mahaifiyata. Me kuka gani?

Nura Farm Centre

Yaya Auwal, wallahi ka sa hannu. Na gama BUK a 2021, na yi bautar ƙasa, na shiga horon fasahar zamani na 3MTT da gwamnatin tarayya ta fito da shi a 2023, yau ga ni ina canza sikirin ɗin waya a rumfar wani. Takardar neman aiki na daina ƙirgawa. Kujerar da kake kuka a kanta, mu ɗari muna layi a bayanta. Kada ka saki reshe ka kama ganye.

Auwal Ɗorayi

Na sani ƙanina, kuma wannan layin da kake faɗa shi ake nuna mana duk lokacin da muka buɗe baki. Allah Ya buɗa maka.

Maman Hanifa

Malam Auwal, ka taɓo min inda yake min ƙaiƙayi. Ni ma'aikaciyar kai tsaye ce a wani kamfani irin naku, ba ta hannun dillali ba, kuma ban tsira ba.

Na tafi hutun haihuwa, na dawo na tarar an ba wani aikin da nake riƙe da shi shekara biyu. Wannan ban ji haushi ba, ba za a ce kwastoma ya jira ni ba. Sai aka ajiye ni a benci, wato kana karɓar albashi amma ba a haɗa ka da aikin kowane kwastoma ba. Wata huɗu ina tura saƙo ina neman a saka ni a aiki. Duk wanda ya fito sai a ce na Fatakwal ne ko Abuja, "mun san kina da jinjira, ba mu so mu takura miki." Ba wanda ya tambaye ni ko zan iya. Alhali ƙanwata tana gidana, kuma maigidana ya amince in yi tafiyar. Ƙarshen shekara aka zo tantancewa, aka ce sa'o'in da na yi wa kwastoma aiki sun yi ƙasa, aka ba ni maki na ƙasa, ƙarin girma ya wuce ni. Wato sun yanke hukunci a madadina da sunan tausayi, sannan suka hukunta ni a kan hukuncin da suka yanke. Ranar da manajana ya karanta min sakamakon ta manhajar taro ta Teams, ina goye da yarinyar, na kashe kyamara don kada ya ga hawayena.

Hauwa Kabuga

Anti, wannan "ba mu so mu takura miki" ɗin ni ma na sha ta, kuma a lokacin ko aure ban yi ba.

Injiniya Kabiru

Bari in shigo a matsayin wanda ya zauna a ɗaya ɓangaren teburin. Na yi shekaru ina manaja a irin wannan kamfani kafin in dawo gida in buɗe nawa. Ba kare su zan yi ba, amma in ba ku san yadda injin yake juyawa ba, za ku riƙa faɗa da wanda ba shi ne ya kashe zomon ba.

Kamfanin ba da shawara ba shi da haja sai lokacin mutane. Abin da yake sayarwa shi ne sa'o'in aikinka. Akwai jadawalin farashi: mai mataki kaza, yininsa kuɗi kaza. Ribar ita ce tazarar da ke tsakanin abin da kwastoma ya biya a kanka da abin da aka kashe a kanka. To shi manajan aiki, da wannan tazarar ake auna shi. In ya saka mutum ta hannun dillali a kujerar da ake cajin kuɗin babban ma'aikaci, lissafinsa ya yi kyau, ladan ƙarshen shekararsa ya ƙaru. Kuma ranar da kwangila ta ƙare, ba ya ɗaukar nauyin kowa a benci, imel ɗaya zai tura wa dillali. Shi ya sa Malam Auwal yake inda yake. Ba wai an tsane shi ba ne.

Sannan a yi adalci, rayuwar Legas ba ta Kano ba ce. Kuɗin hayar ɗaki biyu a Yaba ko Lekki zai kama maka gida sukutum a Rijiyar Zaki har da canji. Kuma sunan babban kamfani a takardarka dukiya ne. Ni da shi na ci kasuwa.

Auwal Ɗorayi

Injiniya ranka ya daɗe, na yarda haya ta bambanta. A ba shi alawus ɗin gida, ba zan ce komai ba. Amma data farashinta ɗaya, fetur ma sau da yawa namu ya fi tsada saboda nisa da teku. A farashin gwamnati lita ba ta kai ₦200 ba kafin 29 ga Mayu 2023, a ƙarshen 2024 ta haura ₦1,000. Rabin aikina daga gida nake yi da daddare, da janareta, daga aljihuna. Dala tana wajen ₦460 a farashin gwamnati kafin Yunin 2023, a farkon 2024 ta wuce ₦1,500. Na tabbata kamfanin ya sake farashinsa da kwastoma tun a lokacin. Mu sai yanzu aka tuna da mu. Sunan kamfanin da kake cewa kuma, in wani ya kira su ya tambaya, za su ce ba ma'aikacinsu ba ne ni.

Injiniya Kabiru

Wannan ta ƙarshen gaskiyarka ce, kuma tana da ciwo.

Bari in ƙara wani abu game da maganar Maman Hanifa, don na zauna a irin ɗakin da ake raba makin nan. Ba manajanki kaɗai ke yankewa ba. Manajoji ake tarawa, a jero sunaye, kuma tun kafin a fara an ƙayyade cewa 'yan kaɗan ne za su samu maki na sama, dole kuma wasu su faɗa ƙasa ko da kowa ya yi ƙoƙari. Kowane suna minti biyu ko uku yake samu. Wanda manyan suka saba gani a ofishin Legas, suna gaisawa a lif, in an kira sunansa mutum uku za su ce sun san aikinsa. In aka kira na Kano sai ɗakin ya yi tsit, a duba lambar sa'o'insa a wuce. Na taɓa barin wani yaro nawa ya faɗa ƙasa saboda na riga na ƙarar da ƙarfina wajen kare wani. Har yau abin yana damuna, don ya fi wanda na kare iya aiki, kawai dai na san shi ba zai yi ƙorafi ba.

Sadiq Gyaɗi-Gyaɗi

Ku daina kewaye-kewaye. Wariya ce ake nuna wa ɗan Arewa, shi ke nan. Ni an sha saka min taro ƙarfe ɗaya da rabi ranar Juma'a, in na ce masallaci zan tafi a riƙa min kallon malalaci. Da azumi kuma taron mutanen Amurka yana faɗowa daidai shan ruwa.

Emeka ɗan Sabon Gari

Sadiq abokina, maganar Juma'a gaskiyarka ce, na gani da idona, kuma ba daidai ba ne. Amma ni a Sabon Gari aka haife ni, sunana Emeka, shekara huɗu ina ta hannun dillali a nan Kano, albashina bai fi na Auwal ba in ma ya kai. A Legas ɗin ma akwai Yarabawa birjik da ke ta hannun dillali suna kuka irin namu. Ni ana saka min aikin gyaran na'ura ranar Lahadi da safe saboda banki a rufe yake. In muka mai da ita maganar ƙabila, za mu rabu gida uku, kuma ba wanda zai ji daɗin haka sai mai biyan mu.

Sadiq Gyaɗi-Gyaɗi

Na ji. Amma ka duba manyan kujerun ka faɗa min 'yan Arewa nawa ka gani.

Emeka ɗan Sabon Gari

Kaɗan ne, ban musa ba. Duka biyun suna nan. Ni dai wadda ke rubuce a takarda nake so mu fara kamawa.

Mai kula da zaure

Na goge saƙonni biyu da aka yi hasashen sunan kamfani. Mai magana ya roƙi a sakaya, a mutunta roƙonsa. A ci gaba.

Barista Sa'adatu

Malam Auwal, wannan ba za ta maye gurbin zama da lauya da takardunka a hannu ba, amma ga abin da ya kamata kowa a nan ya sani.

Dokar Ƙwadago ta Najeriya tsohuwa ce, tun 1974 take. Ta ce a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da fara aiki. Ta ba mai haihuwa hutun mako 12, da aƙalla rabin albashi in ta yi wata shida tana aikin, da rabin sa'a sau biyu a yini don shayarwa. Ta kuma ce mai dillancin ma'aikata sai da lasisi daga Ma'aikatar Ƙwadago, don haka kana iya tambayar dillalinku nasa. Sai dai akwai tarko. Sashe na 91, wajen fassara wane ne ma'aikaci, ya cire masu aikin gudanarwa da na fasaha da na ƙwararru. Ke nan da yawanku masu rubuta manhaja, kwantiraginku shi ne babbar garkuwarku. Shi ya sa nake jin takaici in mutum ya ce min ya sa hannu bai karanta ba saboda kunya.

Inda sauƙi ya zo shi ne Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. Gyaran tsarin mulki na uku, na 2010, ya ba ta iko a sashe na 254C ta saurari ƙarar rashin adalci a wurin aiki, har ta duba yadda ake yi a duniya. Tana da reshe a nan Kano, ba sai ka je Abuja ba. A shari'o'in da suka haɗa ma'aikaci da dillali da kamfanin da ke morar aikinsa, kotun ba ta tsayawa ga sunan da ke saman takarda kawai, tana duba wa ke ba da umarni, wa ke ba da hutu, wa ke tantancewa. Tana iya cewa su biyun ne iyayen gidanka, ya danganta da hujja. Don haka ka adana katinka, da imel ɗin da manaja ya amince maka da hutu, da sakamakon tantancewarka. Amma kada ka kwashi bayanan kwastoma, wannan zai juyo kanka.

Sharaɗin kwas kuwa, doka ba ta hana a ɗaure ka ba, amma sai ya zama daidai misali. Ka nemi su rubuta ainihin kuɗin kwas ɗin, a cire maganar ninki, kuma bashin ya riƙa raguwa wata-wata. Sannan ka lura da wannan: kwantiragin shekara ɗaya ne, ɗaurin shekara biyu. In su suka ƙi sabuntawa, wa zai biya? A rubuta cewa in su suka sallame ka, ba ka da bashi.

Abu na ƙarshe, yau ɗin nan ka duba asusunka na fansho. Dokar 2014 ta ce kai kashi 8 cikin 100, mai aiki kashi 10, kuma a zuba cikin kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi. Kamfanonin dillanci da yawa a nan suke cin amana.

Maman Hanifa

Barista, da na san haka a lokacin. Ni duk maganganunmu a waya aka yi su, ba ni da ko layi ɗaya a rubuce.

Barista Sa'adatu

Ba ke kaɗai ba ce, Hajiya. Daga yau, duk maganar da aka yi miki da baki, ki bi ta da imel cikin ladabi: "kamar yadda muka tattauna ɗazu." Layi uku ya isa.

Malam Habu Hotoro

'Ya'yana, ni ba ɗan kwamfuta ba ne, ɗana ya saka ni a zauren nan. Amma na yi shekara goma sha tara a masaƙa a Sharaɗa kafin a rufe ta, kuma duk abin da kuke faɗa na san shi. A zamaninmu akwai masu lamba, akwai 'yan kullum. Inji ɗaya muke tsayawa a kai, ƙurar auduga ɗaya muke shaƙa. Mai lamba yana da asibiti da hutu da kuɗin sallama, ɗan kullum kuwa a bakin ƙofa ake zaɓarsa kowace safiya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Naku dai an sa masa na'urar sanyaya ɗaki ne.

Abin da ya bambanta, mu mun san albashin juna. Ranar biya a layi ɗaya muke, ambulan a hannu. Kuma muna da ƙungiya, in an taɓa ɗaya an taɓa duka. Ku kowa ya rufe nasa kamar abin kunya, har ga shi ana so a rubuta muku shirun a takarda ku sa hannu.

Kai kuma Nura, ɗana, na ji zafin da kake ciki. Amma in Auwal ya karɓi kowane sharaɗi, kai da za ka gaje shi abin da ya fi wannan muni za a miƙo maka. Wasu za su ce masa rabo ne, ya yi haƙuri. Rabo gaskiya ne, haƙuri ibada ne. Amma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe. Tambayar haƙƙinka ba rashin godiyar Allah ba ce.

Nura Farm Centre

Baba na ji, kuma na gode. Tsoro ne kawai nake ji masa.

Injiniya Kabiru

Tsoron yana da dalili, kada mu ruɗi Auwal. In ya je shi kaɗai da zafi, dillali zai kawo wani cikin mako biyu. Ƙarfinsa ɗaya ne: kwastoma ya saba da shi, kuma shi ya san tsohon tsarin. Sauya mutum a tsakiyar aiki abu ne da manaja yake gudu, don sai ya yi wa kwastoma bayani. Auwal, kada ka ambaci takardar abokinka, za ka jefa shi cikin matsala a banza. Ka jero ayyukan da ka kammala, ka nemi a mai da kai ma'aikacin kai tsaye, in ba zai yiwu yanzu ba a rubuta ranar da za a duba. Kuma ka tura wa manajan kamfanin, ba dillali kaɗai ba.

Hauwa Kabuga

Ku tara ne fa. Sauran takwas ɗin an aiko musu irin takardar?

Auwal Ɗorayi

Ku yi haƙuri na ɓace tun jiya. Barista, Allah Ya saka da alheri. Na shiga asusun fanshona kamar yadda kika ce. Wata bakwai ba a zuba ko kwabo ba, alhali kowane wata ana cirewa a takardar albashina. Na daɗe zaune a mota a bakin ofis ban iya shiga ba.

Malama Hauwa, tambayarki ce ta sa na yi abin da ban taɓa yi ba. Bayan la'asar na tara abokan aikina a wajen mai shayin da ke bayan ofis, na fara faɗin albashina da bakina. Da farko kowa ya sunkuyar da kai, sai ɗaya ya faɗi nasa, sai na gaba. Ashe ko a tsakaninmu ba daidai ba ne, wanda ya fi mu daɗewa shi ne na biyu daga ƙasa. Duka an aiko mana takarda iri ɗaya. Biyar sun duba fanshonsu a wurin, duka akwai giɓi.

Mu shida mun sa hannu a wasiƙa ɗaya, cikin ladabi, muna neman abu uku: a zuba bashin fansho, a gyara sharaɗin kwas, a cire na hana magana. Uku sun ce ba za su iya ba, ɗaya matarsa ta kusa haihuwa, kuma ban ga laifinsu ba. Na tura wa dillali da manajanmu da safiyar nan. Dillali bai amsa ba. Manajan ya kira ni, ya ce bai san da maganar fansho ba, ya ƙara mana mako biyu kafin sa hannu. Na bi kiran da imel, "kamar yadda muka tattauna ɗazu."

Barista, in da hali ranar Asabar zan kawo miki takardun mu shida. Ɗaya daga cikinmu ma ba a taɓa ba shi kwafin kwantiraginsa na farko ba.

Barista Sa'adatu

Ku zo ƙarfe goma sha ɗaya. Kowa ya taho da takardun albashinsa na wata goma sha biyu da bayanin asusun fansho da aka buga. Wanda ba shi da kwafi ya rubuta yau ya nema, ya zo min da shaidar ya tura.